Zaki Biyu da Ƙahon Ɓauna, Ƙofa Ɗaya

Daren Juma'a Yaya ya kira ni daga Zariya, bayan na taso daga aiki ko takalmi ban cire ba. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi yara, sannan ya yi shiru irin wanda na san akwai magana a bayansa. Ya ce, "Ƙanena, an samu mai sayen gidan. 'Ya'yan Baffa sun amince, su Gwaggo ma sun ce a sayar kowa ya kama gabansa. Kai kaɗai ake jira." Gidan da yake nufi shi ne gidan kakanmu a cikin birni, mai zaure biyu da sassa huɗu da rijiya a tsakar gida, inda aka yanke mini cibiya. Na ce masa ya ba ni kwana biyu.

Ban yi barcin kirki ba. Da asuba na yi salla, na zuba shayi a fulas, na hau jirgin ƙasa daga Koblenz, garin da nake aiki shekara huɗu ke nan, zuwa wani ɗan ƙauye a bakin kogin Mosel da ake kira Moselkern. Tafiyar kamar rabin awa ce. Na daɗe ina jin abokan aikina suna ambaton wani tsohon gida a dajin da ke bayan ƙauyen, suna cewa iyali guda ne ke riƙe da shi tun fiye da shekara 860. Ranar nan dai na ji ina son in gan shi da idona.

Daga tashar jirgin ƙafa ake takawa, kusan kilomita 5, ana bin gefen wani rafi mai suna Elzbach. Hanyar ƙasa ce a cikin itatuwa, ga danshi, ga ƙarar ruwa a hannunka ɗaya. Ba ka ganin komai sai ganye, har ka fara tunanin ko ka ɓata. Sai kawai ka sha wata kwana, ka ɗaga kai, ga shi nan a samanka. Burg Eltz ke nan. A Jamusanci Burg na nufin gida mai ganuwa wanda aka gina don tsaro. Yana zaune a kan wani dutse mai tsayin kusan mita 70, rafin ya zagaye shi ta ɓangare uku, rufinsa na baƙin dutse mai tsini, ƙananan hasumiyoyinsa farare da jan katako. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne cunkoson ginin. Gidaje ne da yawa suka manne da juna suna rige-rigen hawa sama, kamar masu sallar Idi da fili ya yi wa kaɗan.

Tarihin gidan a rubuce ya fara ne a 1157. A wannan shekarar Sarkin Daular Rum ta Jamus, Friedrich na Ɗaya, wanda ake wa laƙabi da Barbarossa saboda jan gemunsa, ya ba da wata kyautar ƙasa, aka rubuta takarda, aka jera sunayen shaidu. A cikinsu akwai wani Rudolf na Eltz. Iyakar abin da ya yi ke nan a takardar, ya tsaya shaida. Amma daga wannan layi guda zuri'ar take ƙirga kanta, kuma an haura kakanni 30 ana miƙa gidan daga hannu zuwa hannu. Sunan ma daga rafin aka samo shi. Jamusawa na kiran irin waɗannan gidaje Uradel, wato masu sarautar asali, waɗanda ba wani sarki da ya ba su takardar ɗaukaka, tarihi ya buɗe ido ne ya same su a matsayinsu. Cikakken sunan masu gidan yau yana ɗauke da kalmomi biyu, von und zu Eltz. Von na nuna inda ka fito, zu na nuna inda kake zaune. Wanda ya haɗa biyun yana cewa ne har gobe yana nan inda kakansa ya kafa.

Abin da ya kawo ni ya faru ne wajajen 1268. 'Yan'uwa uku, Elias da Wilhelm da Theoderich, suka tashi rabon gado. Gonaki da dazuzzuka ba su da wuyar rabo. Amma dutse ɗaya fa, mai ƙofa ɗaya da hanya ɗaya? Babu wanda yake da ƙarfin gina wani irinsa shi kaɗai, babu kuma wanda zai yarda ya tashi ya bar wa ɗan'uwansa. Sai suka raba wurin zama a kan dutsen kashi uku, kowane reshe ya gina sashensa, ya yi girkinsa, ya riƙe dukiyarsa, amma ganuwa da ƙofa da tsakar gida da ɗakin ibada suka zama na kowa. Irin wannan gida shi ake kira Ganerbenburg, gidan magada masu tarayya. Da mai zagayawa da mu, wata yarinya ɗaliba, ta gama bayanin nan cikin Jamusanci, sai na ji kamar da Hausa ta yi shi. Ai gidanmu ta siffanta. Sashen Baffa, sashen Baba, sashen Kawu ƙarami, kowa da madafinsa, amma zaure ɗaya ake sallama, guga ɗaya ake jefawa a rijiya.

Da ka shiga tsakar gidan za ka fahimci dalilin tsayin. Wurin ƙunci ne, idan ka ɗaga kai sararin sama ɗan tsito kake gani. Reshe ya hayayyafa, babu filin da zai faɗaɗa, sai ya ɗora bene a kan bene, har wasu sassan suka kai hawa takwas. An gama sashen Rübenach a 1472. Sashen Rodendorf ya tashi daga ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 16. Na Kempenich an fara shi a 1604, Yaƙin Shekara Talatin ya tsayar da aiki, ba a kammala ba sai 1661. Sunayen nan uku daga baya suka zo, daga ƙasashen da rassan suka samu a wasu wurare ta hanyar aure ko mallaka. Akwai lokacin da mutanen gidan, manya da yara, suka kusa 100 a kan wannan ɗan dutse, ban da barori.

Yanzu bari in zo kan tambari, don a nan na fi daɗewa. A saman ƙofofi, a jikin tagogi, a kan murhu, a bangon zaure, ko'ina ka duba akwai garkuwa da zaki a cikinta. Jamusawa na kiran wannan alama Wappen, kalmar da ta fito daga tushe guda da kalmarsu ta makami. Ta samo asali ne a ƙarni na 12, lokacin da barade suka fara rufe fuska gaba ɗaya da kwalkwali. Mutum na cikin sulke, fuska a rufe, ƙura ta tashi, ta yaya za ka bambance ɗan'uwanka da abokin gaba? Sai kowa ya zana alamarsa a garkuwa da tuta. Daga baya alamar ta sauka daga filin daga ta koma hatimi, ana danna ta a kan kakin da ke jikin takarda, ta zama sa hannun gida a zamanin da yawancin barade ba su iya rubutu ba. Ɗa ya gaji ta ubansa, ta zama ta zuri'a.

Abin yana da ƙa'idoji masu tsauri. Launuka kaɗan ne aka yarda da su: ja, shuɗi, baƙi, kore, sai ƙarfe biyu, zinariya da ake zanawa da rawaya da azurfa da ake zanawa da fari. Ba a ɗora launi a kan launi, ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe. Jan zaki a kan shuɗi ba ya halatta, don daga nesa ba za a gane shi ba, amma rawaya a kan ja ko daga ƙetaren kwari ana hango shi. Cikakken tambari kuma ba garkuwar kaɗai ba ce. A samanta akwai kwalkwali, a saman kwalkwalin akwai ado, fukafukai ko ƙahoni ko kan dabba, sannan ga wani ƙyalle da ke zubowa ta gefe biyu, wanda asalinsa mayafin da barde ke yafawa ne don kare ƙarfen daga zafin rana.

Garkuwar Eltz a raba take biyu a kwance. Rabin sama ja ne, a cikinsa zaki ya fito daga ƙugu zuwa sama, ya ɗaga dagi, kamar yana tasowa daga bayan katanga. Rabin ƙasa fili ne babu zane. To da 'yan'uwan nan suka rabu uku, ba wanda ya jefar da zakin ya nemi wata dabba. Reshe ɗaya ya riƙe zaki na zinariya, su ne daga baya aka sani da Kempenich. Reshe na biyu ya mai da zakinsa na azurfa, su ne Rübenach. Na uku aka san su da ƙahonin ɓauna a saman kwalkwalinsu. Har a takardu haka ake kiransu, Eltz na zakin zinariya, Eltz na zakin azurfa, Eltz masu ƙahon ɓauna. Wannan al'ada ce ta Jamusawa, gida duka tambari ɗaya ne, reshe ya sauya launi ko ya sauya adon kwalkwali. Baƙo daga nesa zai ce ga mutumin Eltz. Ɗan gida daga kusa zai ce ga ɗan sashen wane.

Na tsaya a gaban wata taga mai gilashi mai launi ina kallon zakin, sai fuskar kakata ta faɗo mini. Tana da zane a kumatu, kuma takan kalli tsohuwa a kasuwa ta faɗi garinsu da gidansu tun kafin su gaisa. Aikin guda ne, a san kai ɗan wane ne ko da an tsince ka a wata ƙasa. Mu mun ɗora a fata da kirari da taken da maroƙi ke yi, su sun ɗora a garkuwa da dutse. Namu yana tafiya da mai shi kabari, shi ya sa cikin tsara biyu ya kusa ɓacewa. Ni ba ni da zane, 'ya'yana ma ba su da shi, kuma ban yi nadamar hakan ba. Sai dai ban san abin da muka ajiye a gurbinsa ba.

Kada a ɗauka zaman nasu na lumana ne kullum. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum ɗari a kan dutse guda, ga 'yan ubanci, ga matan da aka auro daga gidaje daban-daban kowace da taƙamarta. Abin da suka yi shi ne rubutawa. Irin waɗannan gidaje suna da yarjejeniya da ake kira Burgfrieden, wato amanar gida, wadda kowane namiji da ya balaga zai rantse a kanta. A ciki ake fayyace iyakar da ba a zare makami, da hukuncin wanda ya zagi ɗan'uwansa ko ya ji masa rauni, da kason kowa a gyaran ganuwa da biyan mai gadi, da wanda za a iya saukarwa a matsayin baƙo. Mafi muhimmanci, babu mai sayar da kasonsa ga bare sai ya fara tallata wa abokan gadonsa. Nan na tuna karatun fiƙihu a zauren malam, babin shufa'a, inda aka ce abokin tarayya a ƙasa ko gidan da ba a raba ba shi ya fi cancanta ya saya kafin na waje. Hukuncin yana cikin littattafanmu tun da daɗewa. A maganar gidanmu babu wanda ya ambace shi, har ni.

A sashen Rodendorf akwai babban zaure inda mazan rassan uku ke taruwa shawara. A jikin bangon, can sama, an sassaƙa kawunan wawayen sarki. Yarinyar ta ce ma'anarsu ita ce a wannan ɗaki kowa na da 'yancin faɗin abin da ke ransa ba tare da an hukunta shi ba, kamar yadda wawan sarki ke gaya wa sarki gaskiya a fada. A saman ƙofar fita kuma akwai furen wardi, alamar shiru. Abin da aka faɗa a ciki, a ciki zai tsaya. Na daɗe ina kallon waɗannan alamu biyu, har jama'a suka wuce ɗaki na gaba suka bar ni. A gidanmu abin ya juye. A zaure kowa na cewa "Allah ya bar zumunci", ƙanana ba sa ɗaga ido gaban manya, sai an watse sannan maganar gaskiya ta fito a ɗakunan mata da wayoyin salula, ta zaga unguwa ta dawo da ƙari.

Akwai wani ɗan abu a sashen Rübenach da ya burge ni a matsayina na Musulmi. A ɗakin kwana akwai wurin ibada ƙarami, amma an turo shi waje daga jikin bango yana rataye a iska da rufinsa na kansa. Dalili shi ne ba a yarda wani ya taka ko ya kwana a saman wurin bautar Allah ba, gidan kuma bene ne a kan bene. Sai suka nemo dabara. Na ga girmamawa a cikin wannan.

Sau ɗaya aka yi wa gidan ƙawanya ta gaske. Daga 1331 zuwa 1336 mutanen Eltz suka haɗa kai da wasu gidajen barade na yankin, Waldeck da Schöneck da Ehrenburg, suka yi tsayayya da Balduin na Luxemburg, babban bishop na birnin Trier, wanda a lokacin shi ne sarkin ƙasar kuma yana son kowa ya dawo ƙarƙashinsa. Balduin bai ɓata mutanensa wajen hawa dutsen ba. Sai ya gina wata ƙaramar ganuwa a tudun da ke kallon gidan, ana kiranta Trutzeltz, daga can ake harbo manyan duwatsu da majaujawa, aka kuma tare hanyar abinci. Kangon yana nan har yau, wasu daga cikin mulmulallun duwatsun ma suna ajiye a gidan, na dafa ɗaya, ya fi ƙwarya girma. A ƙarshe suka miƙa wuya. Aka rushe ganuwar waje, suka yi caffa, daga 'yantattun barade na daula suka koma bayin Trier a sarauce. Sun rasa 'yanci, sun tsira da gida. Shugabansu a yaƙin, Johann, shi aka naɗa daga baya ya riƙe ita wannan Trutzeltz ɗin da aka gina don a karya shi.

Daga nan salon gidan ya sauya, suka koma neman tsira ta hanyar shiga jikin masu mulki. 'Ya'ya maza ƙanana ana tura su coci ko soja. A manyan majami'u irin na Trier da Mainz ba a ba mutum kujera sai ya tabbatar da asalinsa, a wasu lokuta har kakanni 16, uwa da uba, kowanne da tambarinsa a zane a kan takarda kamar reshen bishiya, wasu barade kuma su rantse cewa gaskiya ne. Ka ga tambari ya tashi daga ado, ya zama takardar neman aiki. Ta wannan ƙofa gidan ya fitar da mutum biyu da suka kai ƙololuwa. Jakob na Uku ya zama babban bishop na Trier daga 1567 zuwa 1581, wato ya hau kujerar wanda ya taɓa jifan gidansu da duwatsu. Philipp Karl ya riƙe Mainz daga 1732 zuwa 1743. Waɗannan kujeru biyu suna cikin masu zaɓen sarki, waɗanda dokar 1356 ta ƙayyade su bakwai, kuma na Mainz shi ne shugabansu, shi ke kiran taron zaɓe. A 1733 Sarki Karl na Shida ya ɗaga reshen zakin zinariya zuwa matsayin Graf na daula, wata babbar sarauta ta gado.

Amfanin baza 'ya'ya ya fito fili a shekarun 1688 da 1689, lokacin da sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa suka bi yankin Rhine da Mosel suna ƙona gidajen ganuwa ɗaya bayan ɗaya. Na Cochem, nan kusa, a 1689 aka tarwatsa shi. Eltz ya tsira saboda wani ɗan gidan, Hans Anton na reshen Üttingen, babban hafsa ne a rundunar Faransa, shi ya sa aka cire gidan daga jerin waɗanda za a rusa. Ɗan reshe ne na gefe, yana wa wani sarki aiki, amma da aka zo kan dutsen bai manta zakin da ke garkuwarsa ba.

Dole in faɗi abin da bai kwanta mini ba, don kada in zama maroƙin gidan. Wannan ɗorewa an biya kuɗinta, kuma mata da ƙanana suka fi biya. A gidajen sarautar Jamus al'ada ce 'ya mace idan za ta yi aure a ba ta kayan ɗaki da kuɗi, ta sa hannu ta yafe gadon ƙasa. Wadda ba a samu miji daidai da ita ba sai gidan zuhudu. Ɗa ƙarami a sa masa rigar coci ko yana so ko ba ya so, ba zai yi aure ba, ba zai haifi mai neman kaso ba. Haka dukiya ke zama dunƙule. Ni ba zan so a riƙe gidanmu da haƙƙin Gwaggo ba. Allah ya yanka mata kasonta, tana da 'ya'ya marayu, tana bukatar kuɗin, kuma duk wanda ya ce ta haƙura don sunan gida ya zalunce ta. Haka nan manoman da suka yi ta kawo hatsi da giya da aikin ƙarfi shekara ɗaruruwa babu tambarinsu a bango ko ɗaya.

Akwai kuma Paul von Eltz-Rübenach, na reshen zakin azurfa, wanda ya zama ministan sufuri da gidan waya a 1932 ya kuma ci gaba da riƙe muƙamin a gwamnatin Hitler. Ranar 30 ga Janairu 1937 Hitler ya raba wa ministocinsa lambar zinariya ta jam'iyya, shi kaɗai ya ƙi karɓa, saboda yadda ake takura wa cocin Katolika, kuma a kan haka ya bar kujerarsa. Na yaba masa wannan rana. Amma shekara huɗu ya yi yana zaune a wannan majalisa kafin ranar ta zo, kuma waɗanda aka fara zalunta a shekarun nan ba 'yan cocinsa ba ne.

Tarayyar ma ba ta dawwama ba. Reshen Rodendorf ya ƙare a 1786, kasonsa ya koma hannun Kempenich. Da Faransawa suka mamaye yammacin Rhine a 1794 sun ƙwace dukiyar gidan na wani lokaci, daga baya aka mayar. A 1815 Graf Hugo Philipp ya sayi kason Rübenach. Daga ranar gidan ya zama na reshe guda, bayan shekara kusan 550 ana zaman tare. Abin lura shi ne an sayar, amma ɗan'uwa ne ya saya. Masu zakin azurfa suka karɓi kuɗinsu suka ci gaba da rayuwarsu a wani wuri, har yau zuri'arsu na nan, dutsen kuma bai fita daga sunan ba. Daga 1845 zuwa 1888 aka yi wa gidan babban gyara ba tare da an sauya masa kama ba. Gobara ta ci wani ɓangare a 1920, aka sake ginawa.

Wani abin mamaki, a mafi yawan wannan lokaci ba a nan suke zaune ba. Tun 1736 Philipp Karl ya sayi ƙasa mai faɗi a Vukovar, a bakin kogin Danube, cikin Kuroshiya ta yau, aka gina fada a can a tsakiyar ƙarni na 18, daga baya can ne ya zama mazauninsu. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin gurguzu ta Yugoslabiya ta ƙwace komai, suka dawo Jamus. A 1991 yaƙi ya ragargaza Vukovar har da fadar. Jakob, mai gidan na lokacin, wanda ya taso a can, ya koma yana ɗan shekara 70, aka zaɓe shi ɗan majalisar Kuroshiya. Fadar yanzu gidan tarihin garin ce. Hoton gidan dutsen ya daɗe a bayan takardar Mark 500 ta Jamus ta Yamma, hoton fadar Vukovar kuma a bayan takardar Kuna 20 ta Kuroshiya. Kuɗin biyu duk an daina kashe su, Yuro ya maye gurbinsu.

Sarautar kanta tsarin mulkin 1919 ya soke gatancinta, Graf ya zama wani yanki na suna kawai, kamar yadda wani zai ci gaba da amsa Galadima a takardar makaranta. Yau kuɗin tikitin baƙi irina ne ke taimakawa wajen gyara rufi. Daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba ake buɗewa. Iyalin sun keɓe sashen Kempenich don kansu, ba a shiga. Na ga labule a wata taga, da tukunyar fure a gefenta.

Da na fito na zauna a kan gadar dutse da ke gaban ƙofa na sha sauran shayina. Zuciyata na kan zaurenmu. A saman ƙofarsa akwai zanen da magini ya yi wa kakanmu da laka tun kafin a haifi Baba: dagi a tsakiya, takobi a dama, buta a hagu. Muna yara mukan ce wa baƙo, "Ka bi layin nan har ka ga gida mai takobi da buta." Ban taɓa tambayar dalilin takobin ba, ko butar, kuma waɗanda suka sani saura Gwaggo kaɗai. Mai sayen, in ji Yaya, shaguna zai yi.

A tashar Moselkern, ina jiran jirgin yamma, na kira shi. Na ce, "Yaya, ban ce kada a sayar ba. A ba su Gwaggo haƙƙinsu cif, a ba duk mai son kuɗinsa. Amma kafin a kai wa na waje, a sa masana su yi wa gidan kuɗi, a tambayi 'yan gida ko akwai masu iya haɗuwa su sayi kason masu fita. Ni zan ɗauki na Gwaggo, ko da biya biyu ne. Kuma duk abin da aka yanke a rubuta shi a gaban malam da shaidu, har da wanda zai riƙa yaɓen zaure kafin damina."

Ya yi shiru, ina jin kukan akuya a bayansa da muryar mai tallan ƙosai. Ya ce, "Kana da kuɗin kuwa?" Na ce ina da rabi, sauran zan nema kafin babbar salla. Ya ce zai je wajen babban ɗan Baffa bayan isha'i, amma bai yi mini alkawarin komai ba, don mutum biyu sun riga sun ci bashi a kan kasonsu. Na ce na ji. Na roƙe shi abu ɗaya, gobe da safe idan rana ta fito ta haske ƙofar, ya ɗaukar mini hoton zanen, sannan ya shiga wajen Gwaggo ya tambaye ta labarin takobin da butar, ya naɗa mini muryarta a waya.